Randa, ƙanƙara da kwalbar gas: tambayoyin ɗalibai kan binciken kimiyya da halayen abubuwa

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan fitowa daga bakin ɗaliban sakandare a Garwa, Marwa, Kusiri da Njamena, musamman masu shirin jarrabawar BEPC, wato ta kammala ƙaramar sakandare. A aji da Faransanci ake yin darasin, shi ya sa da yawa suke haddace shi ba tare da ya shiga kai ba. A nan an dawo da shi cikin harshen gida, da kayan da ke tsakar gida.

Mece ce hanyar binciken kimiyya, kuma dole ne in haddace matakanta?

Ka haddace, domin ana tambaya a jarrabawa: lura, tambaya, hasashe, gwaji, awo da rubuta sakamako, sannan yanke hukunci. Amma jerin ba shi ne kimiyyar ba. Abin da ke ƙarƙashinsa shi ne ka faɗi abin da kake zato a fili, sannan ka shirya gwajin da zai iya ƙaryata ka idan ba daidai kake ba.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Kimiyya ta yarda, ta kuma ƙara da cewa awo ya kori gani, domin ido da hannu suna yaudara. Taɓa ƙofar ƙarfe da ta katako da asubahin hunturu: za ka rantse ƙarfen ya fi sanyi, alhali ma'aunin zafi zai ba ka adadi ɗaya a kansu. Ƙarfe dai ya fi saurin janye zafin tafin hannunka ne.

Wannan hanya ba ta fara jiya ba. Ibn al-Haytham, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira ya rasu wajen 1040, ya yi amfani da ɗaki mai duhu da ƙaramar kafa ya nuna cewa haske miƙe yake tafiya, ya kuma kawo hujja cewa daga abu haske yake zuwa ya shiga ido, ba daga ido yake fita ba.

Yaya zan gane hasashena mai kyau ne?

Idan za a iya auna shi, kuma zai iya faɗuwa. "Ruwan randa ya fi daɗi" magana ce ta harshe, kowa da nasa. "Ruwan randa yana sanyi ne saboda ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bin iska ya tafi da zafi" hasashe ne, domin ya faɗa maka abin da za ka yi: toshe tsattsafowar, ka ga ko sanyin zai ɓace.

To yaya ake shirya wannan gwaji na randa daga farko har ƙarshe?

Nemi ƙananan tuluna biyu masu girma ɗaya, daga hannun mai ginin tukwane ɗaya, waɗanda ba a shafa musu siminti ko fenti ba. Cika su da ruwa su kwana, ka zubar da safe. Sabon tulu yana shan ruwa da yawa a ranar farko, idan ka tsallake wannan mataki za ka ɗauka ruwan iska ya bi, alhali yumɓu ne ya sha.

Zuba lita 5 a kowanne, daga bokiti ɗaya, a lokaci ɗaya. Naɗe ɗaya da farar leda tsaf har gindi ka ɗaure a wuya, ɗayan ka bar shi tsirara. Rufe bakin kowanne da faifai ko murfi iri ɗaya. Ajiye su a inuwa ɗaya inda iska ke ratsawa, da tazarar kamar kamu biyu. Auna zafin ruwan da ƙarfe 8 na safe, 12 na rana da 4 na yamma, ka auna na iskar wurin ma. Da yamma juye ruwan cikin mazubi mai alamar lita ka ga nawa ya rage. Maimaita kwana uku, kana musanya wurin zaman tulunan.

Ka lura abu ɗaya tak aka canja, wato ledar. Tulun da ba a taɓa ba shi ne shaida, da shi ake gwada ɗayan. Wannan ita ce ƙa'idar da ɗalibai suka fi karyawa. Wani zai sa baƙar leda, ita kuwa tana shan zafi, sai ya zama abu biyu ya canja bai sani ba. Wani zai ajiye tulu ɗaya kusa da bangon da rana ta gasa. Wani zai ciro ma'aunin daga ruwa kafin ya karanta, jiƙaƙƙen bakinsa ya bushe a iska adadin ya sauka. A bar shi cikin tsakiyar ruwan minti ɗaya, kada ya taɓa jikin tulu, a karanta yana ciki, ido daidai da layin.

Ga lissafin da ke bayan abin. Giram ɗaya na ruwa yana buƙatar kusan jul 2,260 na zafi kafin ya zama tururi (jul shi ne ma'aunin yawan makamashi, kamar zafin da abu ya sha ko ya rasa). Idan mililita 50 kacal suka bi iska, kamar ƙaramin kofin shayi, sun tafi da kusan jul 113,000. Ruwa lita 5 kuwa yana sauka da digiri ɗaya duk lokacin da ya rasa kusan jul 21,000. Ke nan kofin shayi ɗaya ya isa ya sauke tulun da digiri 5 da ɗoriya, ba don zafin waje yana ci gaba da shigowa ba. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Garwa kuma iska ta bushe ƙayau, bambancin tulunan yana fitowa sarai. A Agusta iska ta riga ta ƙoshi da danshi, bambancin ya kan ragu sosai. Saboda haka rubuta watan da ka yi gwajin. A kan wannan ƙa'ida ne wani malami ɗan arewacin Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya ba tare da lantarki ba.

Idan sakamako ya saɓa wa hasashena, na faɗi ke nan?

A'a. Faɗuwa ita ce ka gyara adadin don ya yi daidai da abin da ke cikin littafi. Fara duba kayan awo da tsarin gwajin, ka maimaita. Idan har yanzu sakamakon ya ƙi, hasashen ne zai tafi.

Shekaru aru-aru likitocin Turai sun yarda cewa gurɓatacciyar iskar fadama ce ke kawo zazzaɓin cizon sauro. Lurar tasu gaskiya ce, cutar ta fi yawa kusa da ruwan kwance, bayanin ne kuskure. A 1880 Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar cikin jinin majinyaci a Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ross ya gano ta cikin sauro a Indiya. Abu biyu na iya zuwa tare ba tare da ɗaya ya haifi ɗaya ba. Fadama sauron take haifarwa.

Mene ne halaye uku na abu, kuma me ya raba su?

Duk abin da ke da nauyi kuma yake cin wuri an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kuma ba sa daina motsi. A daskararren abu, kamar dutse ko ƙanƙara, ƙwayoyin suna riƙe da juna kowace a mazauninta, sai karkarwa kawai, shi ya sa siffarsa da girmansa ba sa canjawa. A abu mai ruwa-ruwa suna manne amma suna zamewa a kan juna: girmansa tsayayye ne, siffa kuwa ta mazubi yake ɗauka. A gas sun rabu, suna gudu ko'ina, suna cika duk wurin da aka ba su.

Sabon sirinji mai mililita 20, marar allura, ya isa ya nuna wannan. Ja iska ka toshe bakin da yatsa ka danna: za ta matsu ta koma wajen rabi, ka saki ta turo hannunka baya. Cika shi da ruwa ka danna, ko gezau. Idan ya ɗan motsa, akwai kumfar iska a ciki, juya bakin sama ka fitar da ita. Iska ma tana da nauyi, kusan giram 1.2 a kowace lita.

Yashi da gari suna zuba kamar ruwa. Hayaƙi da ƙura kuma fa?

Yashi daskararre ne. Kowace ƙwaya tana nan da siffarta, kuma idan ka zuba shi tsibi yake yi, ruwa kuwa shimfiɗewa yake ya daidaita fuskarsa. Hayaƙi da ƙura ƙananan daskararrun abubuwa ne da iska ta ɗauko. Hazon da ke rufe Njamena da Marwa a hunturu, mai yawa daga cikinsa daga kwarin Bodele yake tasowa, arewa maso gabas da Tafkin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki da ke cikin manyan wuraren da ƙura ke tashi a duniya. Shafa yatsa a kan benci da safe, ka riƙe shaidarka.

Sukari ya narke a shayi, ƙanƙara ta narke a rana. Abu ɗaya ne?

Nan harshenmu yake jefa ɗalibi a rami, domin kalma ɗaya muke amfani da ita ga abubuwa biyu, Faransanci kuwa ya raba su: fondre da dissoudre. Narkewar ƙanƙara canjin hali ce, abu ɗaya ne zafi ya mayar da shi ruwa-ruwa. Narkewar sukari ko gishiri a ruwa kuwa gauraya ce, ƙwayoyinsa sun watsu cikin na ruwa. Gishiri yana narkewa cikin ruwan sanyi ba wahala, amma kafin zafi kaɗai ya narkar da shi sai an kai digiri 801.

Gishirin bai ɓace ba. Ɗora kofi mai giram 100 na ruwa a kan sikeli, zuba giram 10 na gishiri ka motsa: giram 110 za ka gani. Zuba kaɗan a faranti ka ajiye a rana, ruwan ya tafi gishirin ya dawo. Akwai kuma iyaka, mililita 100 na ruwa ba ya ɗaukar fiye da kusan giram 36 na gishiri, saura ya kwanta a ƙasa komai motsawarka.

Narkewa ta zafi kuma kowane tsantsar abu da nasa adadin: dalma digiri 327, alminiyom ɗin da maƙera ke zuba tukwane da shi digiri 660, baƙin ƙarfe 1,538. Shi ya sa ake iya narkar da alminiyom a cikin kaskon ƙarfe, kaskon bai ji komai ba. Man kaɗe da manja gauraye ne na mai iri-iri, ba su da adadi ɗaya, a hankali suke laushi. Manjan da ya sandare a kwalba a watan Janairu bai lalace ba.

Me ya sa ma'aunin zafi ya tsaya a sifiri alhali ƙanƙara tana ta narkewa?

Domin zafin da ke shiga yana tafiya ne wajen kwance riƙon da ƙwayoyin suka yi wa juna. Kowane giram na ƙanƙara yana cin jul 334 kafin ya zama ruwa, kuma muddin akwai ƙanƙara da ruwa gauraye, ma'auni zai zauna a kusan digiri 0. Sai gutsuren ƙarshe ya narke sannan ya fara hawa.

Don ka gani, sayi ƙanƙara ka naɗe a tsumma ka farfasa ta ƙanana, cika kofi, kana motsawa kana karantawa duk minti ɗaya. Babban dunƙule guda yana ɓata gwajin, domin ruwan gefe ya kan yi ɗumi, dunƙulen kuma yana nan. Ma'aunin ma a kula: na asibiti daga digiri 35 zuwa 42 kawai yake aunawa, ba zai nuna sifiri ba, kuma idan na gilashi ne ruwan zafi zai fasa shi, zaibar da ke cikinsa kuwa guba ce. Na ɗakin gwaji ake nema, mai farawa daga 10 ƙasa da sifiri zuwa 110.

Ruwa yana da wani hali da ya saɓa wa yawancin abubuwa: idan ya daskare ƙaruwa yake yi, da kusan kashi 9 cikin 100. Dalilin ke nan ƙanƙara ke yawo a saman ruwa, kwalbar da aka cika maƙil kuma take fashewa a firiza.

An ce ruwa yana tafasa a digiri 100, amma a Ngaundere mun samu 96. Ma'aunin ne ya lalace?

Lafiyarsa ƙalau. Digiri 100 na bakin teku ne. Ruwa yana tafasa ne idan tururinsa ya samu ƙarfin ture matsin iskar da ke danne shi, matsin kuwa raguwa yake yi idan ana hawa sama. A ƙiyasi, duk hawan mita 300 yana rage digiri ɗaya. Garwa a kwarin Binuwai take, Njamena ma ba ta da tudu sosai, a can za ka samu wajen 99. Ngaundere tana kan tsaunin Adamawa, sama da mita 1,000, saboda haka 96 daidai ne. A ƙololuwar Emi Kusi a Tibesti, mita 3,415, ruwa zai tafasa bai kai digiri 90 ba.

Koma ga sirinjinka. Ja ruwa mai ɗumi sosai, wanda yatsa ke iya jurewa da ƙyar, kamar mililita 4. Fitar da duk iska, toshe bakin, ja hannun baya da ƙarfi. Ruwan zai yi ta ɓulɓula ba wuta, domin ka rage matsin da ke kansa. Tukunyar matsi akasin haka take yi, tana tsare tururi har ruwa ya kai wajen digiri 120, wake ya nuna da wuri.

Abu biyu da ake yawan kuskure a kicin. Da zarar ruwa ya tafasa, ƙara itace ba ya ƙara masa zafi, ƙafewa kawai yake da sauri, gawayi ya tafi a banza. Ɗan gishirin miya kuma ba ya canja komai da za ka iya aunawa: sai ka zuba kusan giram 58 a lita ɗaya kafin tafasar ta hau da digiri ɗaya.

Idan sai a wajen digiri 100 ruwa ke zama tururi, yaya wanki ke bushewa?

Tafasa daban, ƙafewa daban. Tafasa tana faruwa cikin ruwan gaba ɗaya, a adadi ɗaya. Ƙafewa daga fuskar ruwa take, a kowane zafi, ƙwayoyin da suka fi sauri suna tserewa ɗaya bayan ɗaya. Zafi, iska mai kaɗawa, bushewar iska da faɗin fuskar ruwa duk suna hanzarta ta. Tafkin Chadi faffaɗa ne marar zurfi, yana rasa ruwa mai tsayin kusan mita 2 a shekara ta wannan hanya, kogin Shari da Logon ne ke mayar masa da mafi yawan abin da ya rasa. Kanwar da ake haƙowa a Kanem kuwa abin da ruwa ya bari ne bayan ya ƙafe, irin gishirin farantinka.

Tururi na ainihi ba a ganinsa. Duba bakin butar shayi tana tafasa: akwai ɗan fili marar launi kafin farin gajimaren ya fara. Wancan filin ne tururin, farin kuwa ɗigon ruwa ne da ya riga ya huce. Kada a kai yatsa wurin, ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi, domin idan ya koma ruwa a kan fata yana sauke wancan jul 2,260 na kowane giram.

Gumin da ke jikin kwalba mai sanyi ma daga iska yake, ba yoyo ba ne. Zuba zoɓo mai sanyi, wanda ake kira folere a Garwa da Marwa, cikin busasshiyar kwalba ka rufe. Goge ɗigon da farin tsumma: ba ja ko kaɗan.

Me ya sa nake jin motsin ruwa idan na girgiza kwalbar gas?

Ruwa-ruwa ne a ciki. Butan, wato gas ɗin girki da ke cikin kwalbar, yana tafasa a kusan sifiri, a zafinmu gas ne, amma idan aka matsa shi sai ya koma ruwa-ruwa, da haka kilo 12.5 yake shiga kwalba ɗaya. Ka buɗe, matsi ya ragu, ya tafasa ya fito gas, yana janye zafi daga jikin kwalbar, shi ya sa take sanyi har ta yi gumi idan an daɗe ana girki. Ba a cika ta maƙil, ana barin fili don ruwan ya samu wurin faɗaɗa idan ya ji zafi. Kada a bar ta a rana ko kusa da murhu, kada kuma a kwantar da ita ana amfani.

Butan ya fi iska nauyi kusan ninki biyu, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya. Ana neman yoyo da ruwan sabulu a mahaɗar tiyo, kumfa za ta nuna wurin, ba da ashana ba. Tururin fetur ma haka yake bin ƙasa. Kwalaben zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bumburutu, da ke jere bakin titi, warin da kake ji fetur ne da ya riga ya zama gas, kuma shi ne ke kama wuta tun daga nesa.

Gas yana iya ɓuya cikin ruwa?

Ƙwarai, kuma matsi da sanyi suna ƙara yawan wanda ruwa ke riƙewa. Shi ne cikin lemon kwalba, ka cire marfi matsi ya sauka ya taso da kumfa. A ranar 21 ga Agusta 1986 Tafkin Nyos, a Arewa maso Yammacin Kamaru, ya saki iskar kabon dayoksaid da ta taru a ƙasansa. Iskar ta fi ta shaƙa nauyi, ta gangara cikin kwaruruka ta kashe mutane fiye da 1,700 da dabbobi masu yawa. Tun 2001 aka fara kafa bututu a tafkin da ke ɗago ruwan ƙasa zuwa sama don iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan.

Kafur yana ƙarewa a akwati ba tare da ya jiƙa kaya ba. Akwai kuma hali na huɗu?

Kafur daga daskararre yake wucewa kai tsaye zuwa gas, ƙamshin da ke kama tufafi shi ne kafur ɗin. Hali na huɗu sunansa filasma, gas ne da ya yi zafi ko lantarki ya ratsa shi har ƙwayoyinsa suka ɗauki caji. Rana filasma ce, walƙiya ma haka. A jarrabawar ƙananan azuzuwa ukun farko ake nema, sai in an tambayi na huɗun.

Me ya kamata rahoton gwajina ya ƙunsa?

Kwanan wata, wuri da yanayin ranar. Tambaya da hasashe, a rubuta su kafin a fara, ba bayan an ga sakamako ba. Kayan aiki da adadinsu. Matakai dalla-dalla yadda ɗalibar wata makaranta za ta iya maimaitawa ba tare da ta tambaye ka ba. Sai jadawalin awo, kowane adadi da ma'auninsa: 27 kawai ba ya nufin komai, digiri ne ko giram ko minti? Auna sau uku ka fitar da matsakaici, misali 26, 27 da 28 sun ba da 27. Idan ɗaya ya fita daban, kamar 35, kada ka goge shi. Ja masa layi ɗaya yadda zai karantu, rubuta abin da kake zaton ya jawo shi a gefe, ka sake aunawa. Da biro ake cika jadawalin, fensir na zanen tulu da sirinji ne.